Gadon da Ba a Kwana a Kansa Ba

Akwai wani yabo da kuka taso kuna ji ana yi mini, ku 'ya'yana, har nakan ji kuna maimaita shi a gaban baƙi: wai babanku ne ya fara sa kwamfuta ta raba wa ɗalibai wurin kwana a jami'ar da ya yi aiki. Ba ƙarya ba ne, ni ne. Sai dai rabin labarin kuka sani, kuma rabin da ya fi daɗin ji. Tunda yanzu gwiwa ta hana ni zuwa gona, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in ba ku sauran da hannuna, kafin wani ya ba ku shi bayan raina ya ƙara masa gishiri.

A lokacin ina ofishin kula da harkokin ɗalibai, na daɗe a can har na san kowace kujera da irin kukanta. Aikinmu shi ne duk abin da ya shafi ɗalibi in ka cire karatu: wurin kwana, rigimar ɗaki, ruwa ya ɗauke, wani ya kwanta rashin lafiya, wata an ɗauke mata risho. Ban taɓa ƙaura zuwa birni ba. Daga nan ƙauyenmu nake fita da sassafe a kan babur, in bi gefen kanal har Kura, in bar shi wurin mai faci, in hau bas. Da furfura ta fara leƙowa sai kwaɗayin karatu ya taso mini, na shiga digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, wato yadda za a sa na'urori su sauƙaƙa aikin makaranta. Yammacin Juma'a da ranar Asabar nake shiga aji, ina zaune cikin yaran da na haifi sa'o'insu, kuma in faɗa muku gaskiya, karatun ya hau mini kai. Na zama mutumin da ko layin masu jiran rabon ruwa ya gani a bakin kanal sai ya ce ai da kwamfuta ce da tuni an sallami kowa. Kakarku Inna ce ta fara gano ni, ran da na shigo gida rungume da kwamfutar hannu na wuce ta da gaisuwa a tsaye.

"Tasi'u," ta ce, "tunda ka sayo wannan allon mai wuta, ko gaisuwarka ta gajarce."

Na yi dariya na wuce ɗaki. Ina ganin tsufa ne kawai.

Kafin ku gane abin da na rushe, sai kun san yadda muke raba wurin kwana a da. Da hannu ake rubuta sunaye, a manna a allon sanarwa. Hanyar tana da ƙazantarta, ba zan wanke ta ba: manya sukan aiko da 'yar takarda, a ture ɗan talaka a sa nasu, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Amma tana da wani abu da ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne Baba Ilu, masinjan ofishinmu. Dattijo ne ɗan siriri, karatunsa bai wuce ya haɗa baƙi ya gane suna da gari ba. Duk shekara in an manna sunaye, sai ya tsaya ya bi su da yatsa, ya tsamo na 'yan ƙauye, ya hau kekensa ya tafi tasha. Can zai bi direbobi ɗaya ɗaya: a faɗa wa gidan wane a Bunkure yaronsu ya sami ɗaki, a faɗa wa gidan wane a Madobi su zo kafin Alhamis. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya taɓa rubuta wannan a cikin ayyukan ofis. Ni a wajena yawo ne yake yi a lokacin aiki.

Da aka ce mu zaɓi abin da za mu rubuta kundin digiri a kansa, ban yi dogon tunani ba. Na tsara manhajar da za ta karɓe rabon gaba ɗaya. Ɗalibi ya cike fom ta intanet, kwamfuta ta raba gadaje bisa wanda ya riga wani, ta tura saƙo ga lambar wayar da ke kan fom, a ba mutum kwana uku ya amsa cewa yana so. In bai amsa ba, gado ya wuce ga na bayansa. Shugaban ofishinmu ya yarda a gwada a shekarar, malamin da ke duba kundina kuma ya ce abin da zai ɗaga aikin shi ne in nuna cewa daga farko har ƙarshe babu hannun mutum a ciki. Akwai mabuɗi guda da za a iya gyara rabo da shi, a wurina kaɗai yake, kuma duk ran da aka taɓa shi manhajar za ta rubuta cewa an taɓa. Ana saura kwana kaɗan mu fara, Baba Ilu ya tsaya a bayana yana kallon gilashin kwamfuta.

"Malam, wannan lambar da za a tura wa saƙo, ta wa ce?"

"Ta ɗalibi mana, Baba."

"To. 'Yan ƙauyenku da hannunsu suke cike fom ɗin?"

"Baba Ilu," na ce, "zamani ya wuce tasha. Bana ka hutar da kekenka, kada in ji ka je."

Ya ce to, ya ɗauki fayil ya fita. Abin takaicin shi ne na san amsar tambayarsa sarai. Kowa a yankinmu ya san yaro ba ya cike fom da kansa. Kafe yake zuwa a Kura, wato shagon da ake biyan mai kwamfuta ya yi wa mutum aikin intanet, kuma masu kafe lambarsu suke sawa a kan kowane fom, don in an turo wani abu su gani da wuri su ƙarasa aikin. Ni kaina haka aka yi wa yayanku Nasiru. Na sani, na kawar da kai, saboda bai dace da abin da na zana a takarda ba.

Yanzu ga mutanen da abin ya faɗa wa. Kun san rugar da ke bayan babban kanal ta wajen Bunkure, gidan su marigayi Malam Buba. Ni da shi sa'o'i ne. Tun zamanin iyayenmu akwai al'ada tsakanin gidajen biyu: in mun yanke shinkafa, shanunsu su shigo gonarmu su ci kara, su bar mana taki, ba a rubuta ba, ba a taɓa saɓawa ba. Tare muka yi ƙuruciya a kan kunyoyin nan, shi da sanda ni da lauje. 'Yarsa ta fari ita ce Dije, yarinya mai kai kamar me, wadda tun tana sakandare ita ke karanta wa rugar takardar maganin shanu. Ta sami gurbi a jami'armu, a fannin kiwon dabbobi. Ba a taɓa yin mace daga rugar da ta kai nan ba, kuma ba da sauƙi aka bari ba. 'Yan'uwan Buba sun yi ta ja, har aka tsaya a kan sharaɗi guda: za ta tafi in za ta kwana a ɗakunan makaranta, inda akwai katanga da mai gadi da uwar ɗaki. Ba haya a gari, ba zama gidan wani. Abin da ya ƙara kwantar musu da hankali shi ne, ai Malam Tasi'u yana can.

Manhaja ta yi aikinta yadda na tsara. Dije tana cikin na farko-farko da suka nema, ta sami gado, aka tura saƙo. Lambar ta mai kafe ce, shi kuwa kaka ta yi, ya rufe shago ya tafi yankan shinkafarsa mako guda. Kwana uku suka cika, gado ya wuce. A rana ta biyar sai ga Dije a ofis, ta durƙusa a bakin teburina har ƙasa ta gaishe ni, ta ce ta ji shiru ne ta zo ta tambaya. Na buga sunanta, na ga abin da ya faru.

"Ai an ba ki, ba ki amsa ba. Lokaci ya wuce."

"Baba Malam, ba a faɗa mana ba."

"An faɗa. Ga shi nan an tura saƙo."

"Wa aka tura wa?"

Na dubi lambar. Na matsa ƙasa kaɗan, sai na ga ita ce dai a kan fom ɗin wasu yaran yankinmu. Na gane inda matsalar take, amma na ɓoye. Na ce mata laifin mai kafe ne, ta je ta yi haƙuri, in wani gurbi ya faɗo za a duba. Baba Ilu yana gefe yana jera fayiloli, bai ɗago kai ba, kuma da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Lahadi bayan la'asar Buba ya zo gida. Ya aika da ƙwaryar nono ciki, muka zauna a zaure. Muka yi zancen ruwan kanal da bai isa gonakin ƙarshen layi ba a shekarar, da ciwon ƙafa da ya shiga garke, da ranar da za mu gama sussuka shanu su shigo. Kun san Bafulatani da kunyar ɗan fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zauna ya yi roƙo dominta. Sai da ya miƙe ya ɗauki sandarsa, yana kallon ƙofa, sannan ya ce:

"Yarinyar nan ta gidanmu, an ce wurin kwanciya ya ƙi. Na ce ko da abin da za a yi."

Na tashi tare da mutanen nan, na san nauyin wannan maganar. Na san ya kwana biyu yana juya ta kafin ta fito, kuma na san ba zai sake faɗa ba har abada. Duk da haka na gyara zama na yi masa lacca. Na ce yanzu ba mutum ke rabo ba, na'ura ce, ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba. Na ce in na sa hannu don 'yar ƙauyenmu, da wane ido zan kalli manyan da na hana aiko da takarda? Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Haka ne," ya ce. "Allah ya sa haka shi ne alheri."

Na raka shi har bakin kanal. Da na dawo na tarar Inna da mahaifiyarku a tsakar gida, sun ji komai, don zauren ba shi da sirri. Mahaifiyarku ta ce, cikin sanyin murya kamar yadda ta saba, "Malam, ba alfarma ya roƙa ba fa. Gadonta ne, saƙo ne bai isa ba." Inna kuwa ba ta da wannan sanyin.

"Na'urar ita ta haifi kanta? Ba kai ka ɗinka ta ba? Wanda ya ɗinka riga ya ga ta matse yaro, sai ya ce yaron ne da laifi? Ka maida musu nononsu, ni ba zan sha ba."

Na ce su mata ba za su gane ba. A nan ne nake so ku buɗe kunne, don wannan shi ne dalilin rubutun. Abin da na faɗa wa Buba game da adalci ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne ya hana ni ba. Gyara kuskuren saƙo ba son kai ba ne, kuma shugabanmu da na kai masa maganar da ya sa hannu nan take, a gyara wa Dije da sauran yaran da abin ya shafa. Akwai 'yan gadaje da ofis ke ajiyewa don larura. Abin da ya hana ni shafi guda ne a kundina, inda na riga na rubuta cewa ba a taɓa rabo ko ɗaya da hannu ba. Ina son shafin nan. Ina son in tsaya gaban malamai in karanta shi da ƙarfi. Na sa shi a sikeli da karatun 'yar abokina, na zaɓi shafin.

Dije ba ta karaya nan da nan ba. Ta yi rajista, ta fara zuwa daga gida. Ƙaninta ya kai ta titi a babur, ta hau bas, ta shiga aji a makare, ta dawo ana kiran magariba. Wasu ranakun a bas ɗaya muke, ta gaishe ni ta koma baya ta buɗe littafi. Mako uku ta yi haka, sannan baffanninta suka ce ya isa, wannan ba shi ne sharaɗin da aka yi ba. Maganar da aka ce babbansu ya faɗa ta iso kunnena: in mutuminmu da ke cikin ofishin ya kasa samo mata wurin sa haƙarƙari, ran da ta kwanta ciwo wa zai dube ta? Ni na ƙwace wa Buba abin da zai kare ta da shi. Dije ta zauna a gida.

Da nan labarin ya tsaya, da na iya ce wa kaina kuskure ne na rana guda. Bayan kamar mako biyu da daina zuwanta, muka fita zagayen duba ɗakuna, ni da uwar ɗakin mata. Muka shiga wani ɗaki a bene na biyu, na ga gadon sama na kusa da ƙofa babu katifa, an jera tukwane da buhun garin kwaki a kan ƙarfen. Na duba takardar hannuna. Gadon Dije ne. Wadda ya wuce gare ta 'yar cikin birni ce, ta amsa saƙo don ko ta kwana, ta ci gaba da zama gidan iyayenta. 'Yan ɗakin suka ce ko fuskarta ba su taɓa gani ba. A dokar ofis ma, gadon da aka bari haka ana iya ƙwace shi a ba wani, kuma zangon karatu bai yi nisan da Dije za ta kasa kamowa ba. Abin da ake bukata kawai in taɓa mabuɗin nan, in aika ruga. Amma saura kwana tara in kare kundina. Na ce bari in gama tukuna. Na kare, aka tafa mini, har wani malami ya ce a kai tsarin wasu makarantu. Bayan nan sai kunya ta karɓi aikin daga hannun son kai: da wane baki zan je in ce wa Buba gado yana nan tun tuni? Kullum in ce gobe. Ina cikin goben aka fara jarrabawa, aka cire sunanta.

A shekara ta biyu na gyara manhajar. Na sa a riƙa tambayar lambar wani na gida, na tsawaita kwanakin, na kuma je da kaina na roƙi Baba Ilu ya koma tasha. Sai kawai ya sa aka yi wa kekensa iska. Yara da yawa sun amfana, kuma wannan gyararren tsarin ne ake yabona da shi. Dije ba ta cikinsu. Gidansu ba su sake yarda a tada maganar ba. Shanun Buba suka ci gaba da shigowa gonarmu duk kaka, yana gaishe ni kamar da, bai taɓa canza mini fuska ba har Allah ya karɓi abinsa. Na yi masa salla ina riƙe da maganar a ciki. Ita kuma ta yi aure a Bunkure, ta kama sana'ar turara shinkafa, kuma har yau in saniya ta kwanta a yankin ita ake fara kira kafin likita ya iso.

Bara da rani, da na fara rubuta wannan littafi, na ga ba zan iya ba ku wannan babin ba alhali mai shi ba ta ji ba. Na sa aka kai ni gidanta da hantsi. Na tarar da ita a fili tana baza shinkafa a kan tamfol, 'ya'yanta mata biyu suna taya ta. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, ta sallami yaran. Na faɗa mata komai, shafin kundin, da tukwanen, da kwana taran, ban rage wa kaina ko ɗaya ba. Na ce ta yafe mini. Tana sauraro tana tsince tsakuwa daga shinkafar da ke tafin hannunta.

"Na yafe tuntuni, Baba Malam. Ai na san da gadon."

Na ce, "Kin sani?"

"Akwai wata 'yar Garun Mallam a ɗakin, ajinmu ɗaya. Ita ta kira wayar ƙanina ta faɗa mini, tun satin da na daina zuwa."

"To me ya hana ki zuwa ki same ni?"

Ta ɗan yi murmushi, ta zubar da tsakuwar.

"Babanmu ya riga ya yi magana sau ɗaya, ba zan je in sake a bayansa ba. Na dai ce Baba Malam yana ofishin, shi ma zai gani, zai aiko. Kullum in na ji babur a kan kanal sai in fito. Akwatina a ɗaure yake, ban kwance shi ba sai da damina ta faɗi."

Daga nan ta nemi izini ta tashi, don rana ta yi kuma shinkafar tana son juyi.